A Riƙa Auna Hujjar Ɗalibi Kafin A Auna Baƙaƙensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu malamai muke karanta rubutun ra'ayi da ɗalibanmu suke yi a jaridun makarantun sakandare. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke wani ƙauye kusa da kogin Haɗeja, kuma ni aka ɗora wa kula da ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai. Jaridarmu ba ta taɓa ganin injin ɗab'i ba. Takardu ne da yara suke rubutawa da hannu, a liƙa su a allon sanarwa ranar Litinin, a karanta wasu a taron safe kafin a shiga aji.

A ƙarshen zangon farko mun shirya gasa, mu uku muka zauna alƙalanci. Rubutun da ya zo na ɗaya a kan muhimmancin ilimi ne. Yaron ya buɗe da cewa ilimi gishirin zaman duniya ne, ya jera karin magana, ya rufe da godiya ga shugabanni, kuma babu kuskure ko ɗaya a ƙa'idojin rubutunsa. Ni ma na sa hannu aka ba shi kyautar. Sai da na koma gida na sake karantawa, na tambayi kaina abin da yake so mu yarda da shi wanda a da ba mu yarda ba, ban sami komai ba. Ko mahaifin da ya cire ɗansa daga makaranta ba ya musun cewa ilimi yana da amfani.

Rubutu na biyu wata yarinya ce ta yi shi a kan ambaliya. Gidansu na cikin waɗanda ruwa ya ci a 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, saboda haka ta rubuta da zafin zuciya, kuma wannan zafin shi ya ba rubutun rai. Ta siffanta yadda katangar ƙasa take jiƙewa daga tushe har ta zauna, da yadda suka kwana a ajin firamare da awakinsu a ɗaure a waje. Har nan babu mai ja da ita, domin abin da idonta ya gani ne. Amma da ta zo bayanin dalili sai ta ce, "An ce ruwan dam aka sako mana," ta gina sauran rubutun gaba ɗaya a kan wannan jimla. Wa ya ce? Yaushe? Gaskiya ne akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992, kuma ruwansu duka yana gangarowa cikin kogin Haɗeja. Sai dai duk manomin fadamar nan ya san ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, laka da yashi sun cike wasu, ga kuma ruwan sama da ya yi yawa a waccan damina. Yarinyar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, ba don ba ta san su ba, sai don babu wanda ya taɓa koya mata cewa mai ra'ayi dole ne ya rarrabe abin da ya gani, da abin da aka gaya masa, da abin da yake zato. Mu alƙalai ba mu ce mata komai a kan wannan ba. Mun ja jan biro a inda ta haɗe kalmomin da ake rabawa, muka ba ta na biyu.

Na ukun shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wani yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare ya rubuta cewa ya kamata a sassauta lokacin tashi daga makaranta a makonnin kaka. Kafin ya rubuta, sai da ya yi mako biyu yana ƙirga kujerun da babu kowa a kansu kowace safiya, ya kawo adadin rana-rana. Ya bayyana cewa zangon farko yana faɗawa daidai lokacin girbi, kuma riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka uban da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago ba shi da zaɓi sai ya kira 'ya'yansa. Sannan ya yi abin da ban cika gani ba ko a rubutun manya: ya kawo maganar masu adawa da shi da kansa. Ya ce za a ce masa jarrabawar WAEC da NECO ba ta san kaka ba, kuma ba makarantarmu ce take tsara jadawalin shekara ba. Ya amsa da cewa shi ba hutu yake nema ba, abin da yake nema a shiga aji da wuri a tashi da wuri na ɗan lokaci, a rama darussan bayan an gama kai amfanin gona gida. Mutum yana iya ƙin yarda da shi, ni kaina ina da shakka a kan ko ramuwar za ta yiwu da ƙarancin malaman da muke da shi. Amma wannan rubutu ne da ake iya ja da shi, domin ya faɗi matsayarsa, ya kawo shaida, ya saurari abokin hamayya, ya nemi abu takamaimai. Ya zo na ƙarshe a gasar, saboda ba ya bambanta k da ƙ, kuma ɗaya daga cikinmu ya ga kamar rashin ladabi ne ɗalibi ya ba hukuma shawara.

Ba ina raina ƙa'idojin rubutu ba ne, su nake koyarwa kullum, kuma wanda ya rubuta kasa a wurin ƙasa ya canza ma'ana. Sai dai gyaran ƙugiya aikin 'yan makonni ne, koyon kafa hujja kuwa aikin shekaru ne, kuma in muka hukunta yaron da ya fara koyonsa muka saka wa wanda ya kauce masa, to mun nuna wa sauran hanyar da za su bi. Batun ladabi ma yana da iyakarsa bayyananniya. Yaron bai ambaci sunan kowa ba, bai ci mutuncin kowa ba, matsala ya nuna. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin riƙe ra'ayi da bayyana shi, kuma waɗannan yaran nan da shekara biyu ko uku za su yanki katin zaɓe. Da yawansu tuni suna rubutu a Facebook da wayoyin yayyensu, inda babu malamin da zai tambaye su wa ya ce.

Al'adar bayyana ra'ayi a jarida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, wasiƙun masu karatu daga garuruwa da ƙauyuka suna cikin abin da ya raya ta, kuma mutane da yawa a nan suka koyi yadda ake faɗin ƙorafi a rubuce cikin mutunci.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata domin rubutun ra'ayi na ɗaliban sakandare, musamman na karkara, kuma a ƙarƙashin kowanne ka sa wani daga ma'aikatanka ya yi gajeren sharhi a kan inda hujjar ta tsaya da inda ta gurgunce. Malamai za su yanke shafin su shiga aji da shi, domin ba mu da misalan insha'in muhawara da suka shafi rayuwar yaranmu. Ni dai na mayar wa yarinyar takardarta, na ce ta je ta tambayi masunta da manoman fadama ta sake rubutawa. Na yaron kuwa mun zauna tare mun gyara baƙaƙensa ba tare da mun taɓa ko jimla ɗaya ta hujjarsa ba, kuma in ka amince, da yardar mahaifinsa, shi zan fara aiko maka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Hausa,
daga karkarar Haɗeja, Jihar Jigawa.