Likita, an yi wa maigidana aikin zuciya amma numfashinsa ya ƙi dawowa daidai

Assalamu alaikum Likita. Ina gaisuwa da fatan alheri, Allah ya saka maka kan wannan fili da kake ilimantar da mu. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa, kuma a kan maigidana nake neman shawara.

Malam shekarunsa 56, manomi ne, da rani alkama yake yi a fadama. Bara ya fara kukan nauyi a ƙirji in ya yi tafiya ko ya sunkuya aiki, muka yi ta shan maganin olsa ba sauƙi. Da aka kai shi Kano aka duba, aka ce jijiyoyi uku da ke ba zuciyarsa jini sun toshe. Muka sayar da shanun huɗa biyu da gona ɗaya, dangi suka cika, ƙaninsa ya raka shi Indiya. Can aka tsaga ƙashin ƙirjinsa, aka ciro jijiya daga ƙafarsa ta hagu aka yi wa jinin sabuwar hanya, sannan aka ɗaure ƙashin da waya. Yau sati bakwai ke nan. Alhamdulillahi ɗinkin ya bushe, kuma wancan nauyin ƙirjin ya tafi.

Abin da ya hana ni barci shi ne numfashinsa. Daga ɗakinsa zuwa zaure bai fi taku 30 ba, amma kafin ya kai sai ya dafa bango yana haki. Numfashi yake sama-sama kamar mai tsoron kada wani abu ya ɓalle. Tari kuwa danne shi yake, ko da majina ta taru, duk da an koya masa ya rungume matashi a ƙirji in zai yi.

Takardar sallama da ƙaninsa ya karanta mana ta ce ya riƙa tafiya kullum yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5, kada ya hau babur. An kuma haɗo shi da wata 'yar roba mai ƙwallaye uku da tiyo, aka ce ya yi sau goma duk awa in yana farke. Likita, sai da aka yi sati uku sannan ɗanmu da ke karatu a Haɗejiya ya lura cewa hurawa Malam yake yi, alhali zuƙa ake yi ƙwallayen su tashi. Tun da ya gyara, ɗaya ce ke tashi, ta biyu ta ɗan motsa ta koma. Ransa ya ɓaci, ya tura ta ƙarƙashin gado. Wannan sati ukun da muka yi asara ya yi masa illar da ba ta gyaruwa? In ya koma yi yanzu zai amfana?

Ga kuma Inna, mahaifiyarsa. Wallahi ƙauna ce ke sa ta, ban ga laifinta ba, ɗanta ne aka buɗe wa ƙirji. Amma ta kafa doka cewa wanda aka taɓa wa zuciya kwanciya ce tasa har wata shida. Ranar da na lallaɓa shi muka zaga bayan gida, ta tare ni a tsakar gida ta ce, “Ke 'yar nan, so kike ki ƙarasa min shi?” Ban iya amsa mata ba. Kullum kuma sai ta aiko da farfesun kai da tuwo yana ninkaya cikin man shanu, wai ya mayar da jini, ni kuwa an ce min a rage masa gishiri da maggi da maiƙo. Masu dubiya ma kowa da nasa: wannan sassaƙe, wancan a gasa ƙirjin da ruwan zafi. Ban ba shi ko ɗaya ba, saboda yana shan asfirin kullum da maganin rage kitse da na hawan jini, ina tsoron haɗawa. Inna tana sauraron shirin nan, kuma tana jin maganarka. Don Allah ka faɗa da bakinka ko tafiyar ce ke cutar da shi ko kwanciyar.

Ni a ganina kwanciyar ce ke cinye shi. Cinyoyinsa sun zube, ƙafar da aka cire jijiya tana kumbura da yamma, mutumin da ba ya zama yanzu ya wuni yana kallon rufin ɗaki. Rannan da asuba na same shi a kan kujerar da yake salla yana hawaye, ya ce ya yi kewar sa goshinsa a ƙasa. Yaushe zai iya sujada?

Hunturu kuma ya shigo da ƙura, ga hayaƙin murhu. In zai fita tafiya, wane lokaci ya fi, kuma takunkumi ba zai ƙara toshe masa numfashi ba? Ta yaya zan bambance hakin da yake na rashin ƙarfi da wanda za a ɗauke shi a tafi asibiti? Jiya ya ce in ya juya a kwance yana jin wani ɗan ƙas a tsakiyar ƙirji. Ranar komawarmu Kano saura sati uku, mu jira ko mu taho yanzu?

Na ƙarshe, alkamarsa na can hannun yara, kuma ya fara maganar zuwa ya tayar da injin ban-ruwa da kansa. Injin nan da igiya ake fizgarsa da ƙarfi. Na ɓoye makullin babur, amma ban san iya kwanakin da zan iya riƙe shi ba. Ka ba shi lokaci ƙayyadadde, wata nawa, don ya samu abin ƙirgawa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka kullum,
daga ƙaramar hukumar Auyo