Wanda ya ƙera, da alhaki a wuyansa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan zancen ƙirƙire-ƙirƙiren zamani da ya cika kunnuwanmu.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. Masu cewa fasaha baƙuwa ce a wurinmu su duba kalmar ƙirƙira kanta, daga ƙira ta fito. Tarihin baka ya ce wani maƙeri daga Gaya ne ya zo Dutsen Dala neman tama, sunansa Kano, garin ya ci sunansa. A Taruga kuwa, kusa da Abuja, an tono matoyar ƙarfe da ta haura shekara 2,000.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a ce ya halicci komai. Halitta ta Allah ce, in ji shi, mu dai mun tarar da ƙarfe da wuta, muka sauya musu kama. Amma sauyin nan namu ne, kuma za a tambaye mu. Ina yaro ina masa zuga, wasu samari suka kawo sifirin mota a ƙera musu barandami, kuɗinsu ya ninka na fartanya goma. Bai ko ajiye masaba ba, ya ce su kama gabansu. Ranar na ji haushi ƙwarai, don ko cefane ba a yi ba a gida.

Na tuna da wannan ne da na ji labarin Mikhail Kalashnikov, sojan Rasha da ya ƙera bindigar AK-47 a 1947. Ya shafe shekaru yana cewa don kare ƙasarsa ya yi ta, laifin na 'yan siyasa ne. Amma kafin ya mutu a 2013 ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Mutanen Zamfara da Katsina ba sa bukatar a kwatanta musu ƙararta.

Yanzu ɗana yana koyon kwamfuta, yana ba ni labarin manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum har uwarsa ta kasa bambancewa. Na tambaye shi ko a ajinsu akwai darasin da ake koya musu aikin da za su ƙi karɓa. Ya yi dariya, ya ce babu shi a manhajar karatu. Malaman jami'a da na kwalejojin fasaha, ku nake tambaya: me ya hana a sa shi?

Naka,
Wani maƙeri daga Kano.