Wasiƙa ga iyaye: maganar da ba za a kashe a zaure ba

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Da fatan kuna lafiya, ya ɗawainiya? Jarrabawar gwaji ta 'yan BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, tana nan a makon da muka sanar, kuɗin abincin rana kuma bai canza ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kun riga kun ji shi, don labarin ya riga ni isa unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi. Malamin da muka ɗauka na wucin gadi don darasin yamma ya riƙa tura wa wata ɗaliba saƙo ta WhatsApp da tsakar dare, a wayar mahaifiyarta, yana mata alƙawarin maki, yana neman hoto. Malamar da ke kula da 'yan matanmu ce ta lura yarinyar ta daina shiga darasin, sai ta laɓe bayan tankin ruwa har a tashi. Ta jawo ta a jiki, ba tsawa ba zagi, har yarinyar ta buɗe baki. Allah ya saka wa malama da alheri, ya ba sauran malamai irin idonta. A ranar muka sallami malamin, muka kai ƙara DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi irin wannan.

Inda raina ya ɓaci shi ne bayan Magariba, da dattawa uku suka same ni gida da goro a leda, wai "Malam, a rufa asiri, ɗan gidan mutunci ne." Na girmama furfurarsu, amma goron ya koma yadda ya zo. Ita yarinyar ba 'yar gidan mutunci ba ce?

Ku sani, ba ra'ayina ba ne, dokar Ghana ce. Dokar laifuffuka ta 1960, a sashe na 101, ta ce wanda ya kwanta da yaro ko yarinyar da ba su kai shekara 16 ba, ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne a kansa. "Ai da yardarta" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Fyaɗe kuwa shekara 5 zuwa 25. Taɓa jiki na iskanci ma laifi ne mai ɗauri. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta haɗa da masu yaudarar yara ta waya, kuma ana kai ƙararsu ta layin 292. Manyan laifi irin fyaɗe, ba sarki ba liman da ke da ikon sasanta su. Ko a Jami'ar Ghana da ke Legon, bayan binciken da BBC ta fitar a 2019 kan lalata don maki, sai da jami'a ta dakatar da malamai biyu, balle mu nan.

Daga yau ba darasi a ɗakin malami. Ba aiken ɗaliba ta kai littattafai gidansa, ko ta yi masa shara da wanki, ko da ku iyaye kuka amince. Malamin da zai ga ɗalibi shi kaɗai, ƙofa a buɗe. Wannan har da yara maza, kada wani ya ce ba ruwansa don ba shi da 'ya mace.

In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kada a yi wa yaro wanka ko a wanke tufafinsa, kada a goge saƙon waya. A je wajen 'yan sanda a karɓi takardar asibiti tun a ranar.

Iyaye mata, masu neman sunan yarinyar a gidan suna da gidan biki, ku ji tsoron Allah. Ɗalibin da na kama yana mata gori, iyayensa zan kira.

Taron PTA ranar Asabar ne da ƙarfe 10 na safe. A taron baya iyaye maza huɗu na ƙirga. Wannan karon kada a turo uwargida ita kaɗai. 'Yan aji huɗu su zo da tsintsiya ranar Litinin.

Wassalam,
Hedimasta