Wasiƙa Daga Bronx: Maganar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, Auta ba ya gidan yari. Jiya ma tare muka yi sallar isha'i.

Ba zan ɓoye maka ba, ya ɗauki rigar sanyi a wani kanti bai biya ba. 'Yan sanda suka ɗauki hoton yatsunsa, suka ba shi takardar ranar zuwa kotu, suka sallame shi a daren. Da ya shigo na ga takardar a hannunsa, ya nannaɗe ta har gumi ya jiƙa ta, ya kasa haɗa ido da ni.

A Amurka kowace jiha da dokarta. A nan New York ƙananan laifuka aji-aji ne. Ajin B bai wuce ɗaurin wata uku da tarar dala 500 ba. Ajin A kuwa, inda satar abin da bai haura dala 1,000 ba ta faɗa, yana kaiwa kwana 364 da tarar dala 1,000. Nasa ke nan.

Ka lura da 364 ɗin nan, Yaya. Kafin 2019 shekara ɗaya cur ne. Aka rage kwana ɗaya tak saboda irinmu baƙi, domin a dokar shige da fice ta tarayya, laifi irin na sata da hukuncinsa zai iya kai shekara yana iya jawo a kori mutum daga ƙasar, ko da alƙali bai ɗaure shi ko na awa ɗaya ba. Duk da haka tabon yana nan, zai iya fitowa ranar neman takardun zama ko neman aiki. Wannan ne ya hana ni barci, ba tarar ba.

Lauyan da kotu ta ba shi kyauta ya hana shi amsa laifi cikin gaggawa. Yana neman a jingine shari'ar wata shida. Idan Auta bai sake shiga wata rigima ba, a kori ƙarar, a rufe fayil ɗin.

Don Allah ka kira shi da kanka. Ka yi masa faɗa, ya cancanta, amma kada ka yanke wayar kafin ka sa masa albarka. Ranar Talata za mu koma kotu, a taya mu da addu'a.

Ƙaninka.