Zuwa ga aminina, daga Austin

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya gida, ya jikin Hajiya? Na san kana can kana cewa Amurka ta haɗiye ni. Wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba, ka yi haƙuri. Wata tambaya ce ma ta sa na zauna rubuta maka, amma bari in fara da labarin da ke cina tun jiya.

Jiya na karanta shafi guda cur da kaina, ba wanda ya kama mini! Ka tuna takardun Bexar da na ce maka ana ajiye da su a nan Jami'ar Teksas, na gwamnatin Sifaniya da ta Mekziko daga 1717 zuwa 1836? Tun zuwana nake fama da hannun magatakardansu. Kalma uku sai su dunƙule ta koma harafi biyu, ga tawadar ta ci takarda har rubutun baya ya leƙo ta gaba. Jiya kuwa sai ido ya buɗe. Jerin sojoji ne: wane yana nan, wane ba lafiya, wane ya gudu, ga adadin dawaki. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Wasiƙunsu kuma kusan duk da addu'a suke rufewa, Allah ya tsare mai girma shekaru masu yawa, kamar dai namu na Allah ya ja zamani.

Kai da ka gudu daga ajin ajami tun mako na biyu, kada ka ce komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Alamo, wani tsohon gini a birnin San Antonio. Kowa a nan labarin yaƙin 1836 yake yi, yadda Santa Anna, shugaban Mekziko, ya kewaye 'yan tawayen Teksas a wurin kwana 13 ya ci shi ranar 6 ga Maris. To amma gidan 'yan mishan ne tun asali. Limaman ɗariƙar Faransiskan suka kafa shi a 1718 da sunan San Antonio de Valero, suka tara 'yan asalin ƙasar suna koya musu addini da noma. A 1793 aka rufe aikin mishan ɗin, daga baya sojojin doki daga garin Alamo de Parras na Mekziko suka sauka a ciki, sunan ya bi wurin. Shekara 75 mutane suna haihuwa suna mutuwa a mishan ɗin, cututtuka suna kwashe su, amma kwana 13 kawai ake tunawa. Abin yana yi mini ciwo, kuma a kan mutanen nan nake so in yi rubutuna, ko da malamina na jami'a ya fi son ɓangaren soja.

Ranar Asabar na je San Antonio na ga sauran mishan huɗun. A Espada, ɗaya daga cikinsu, har yau ruwa na gudu a magudanar da aka gina tun wancan zamani. Na tsuguna na sa hannu a ciki, sanyi ƙalau. Acequia suke kiranta, wai ashe daga saƙiya ta Larabci kalmar ta fito, ta bi ta Andalus ta tsallaka teku. Nan take Malam ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Af, ga tambayar: na ji wai ango ya sayar da babur ɗin nan! Da gaske? Kuma wa ya saya, bayan abin da ya faru a hanyar Zariya? Ka ce wa ƙanwarka yajin ya iso lafiya, amma ya kusa ƙarewa.

Mako mai zuwa zan nemi a fito mini da rubutun José Enrique de la Peña, hafsan Santa Anna, wanda ya ce kama Davy Crockett, shahararren Ba'amurken da ke cikin masu kare Alamo, aka yi da rai sannan aka kashe shi. Har yau ana jayayya a kan takardar, ni dai ina so in ga hannunsa da idona.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum.