Abba, kafin ku kama hanyar Legas

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya jarabawa, da fatan an gama lafiya. Ummanka ta faɗa min maganar tafiyar da kuka shirya kai da abokanka uku zuwa Legas in an yi hutu, ta ce wai kana jin nauyin faɗa min kar in hana. To ban hana ba, ku je Allah ya tsare. Amma jiya da daddare na kasa barci ina ta juya maganar, shi ne na ce bari in rubuto maka tunda in a waya ne sai dai ka yi ta "to Baba, to Baba" ban san wanne ya shiga wanne ya wuce ba, wannan kuwa yana nan a wayarka ka karanta a mota, in ka ga dama ma ka karanta wa abokan naka.

Ni a 1987 na fara taka Legas, a bayan motar albasa ta hanyar Mokwa da Jebba da Ilori, muka sauka a kasuwar Mile 12 da asuba jikinmu duk warin albasa, lokacin ma Legas ce babban birnin ƙasa don sai a Disambar 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja. Tafiya ce ta kusan kilomita dubu saboda haka dan Allah kar ku bi motar dare komai arharta, ku tashi da sassafe, in dare ya yi muku a hanya gara a kwana a gari.

Abin da ya fi damuna shi zan fara da shi, kuma ba ɓarayi ba ne ba teku ba ne, maganar kuɗi ce a tsakaninku. Mu uku ne muka yi waccan tafiyar, ɗaya daga cikinmu kayansa sun sha ruwa a hanya rabi ya ruɓe, abin da ya sayar ko uwar kuɗi bai mayar ba amma bai faɗa mana ba. In mun zauna a buka aka zuba mana abinci sai ya ce shi cikinsa ba daɗi ku ci kawai, da rana haka da daddare haka, mu kuma muna ta ci muna ba shi labarin daɗin miya. Daren na biyu na fito kama ruwa sai na hango shi a tsugune a bayan tayar mota da ɗan kwanon roba yana shan garin kwaki, ba suga ba gyaɗa, yana ci yana waige kar wani ya gan shi. Wallahi Abba yau shekara talatin da wani abu amma in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, kwana biyu mutum yana gefena da yunwa ni ban lura ba. Ya rasu yanzu Allah ya jiƙansa, kuma har ya bar duniya ban taɓa nuna masa na gan shi ba.

Na san yaran da za ku tafi tare, na san ba ɗaya gidajenku suke ba, akwai wanda mahaifinsa ba ya raye a cikinku kuma kai ma ka san wa nake nufi. Saboda haka tun kafin ku shiga mota ku yi karo-karo, kowa ya kawo abin da zai iya a ba mutum ɗaya mai amana ya riƙe, kuɗin mota da abinci da tikitin shiga wurare duk daga nan za su dinga fita, ba sai an gama ci a fara kallon juna kowa na laluben aljihu ba. Zan ƙara maka wani abu a kan wanda na ce zan ba ka, shi wannan ƙarin ka zuba a asusun a matsayin naka kar ka yi bayani. In ka ji wani ya ce ya ƙoshi alhali tun safe tare kuke ba ka ga ya ci komai ba, kar ka tambaye shi a gaban mutane, ka ce a zubo a faranti ɗaya babba a sa hannu gaba ɗaya.

Kuma ku dinga duba farashi kafin ku zauna, musamman manyan gidajen abincin Victoria Island da Lekki, don abin da ka gani a takarda ba shi za ka biya ba, akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ga wani na jihar Legas kashi 5, wasu wuraren kuma su ɗora nasu na hidima. Sau ɗaya dai ku shiga irin wurin ku ga yadda yake ba laifi, amma abincin garin na gaskiya yana buka inda za ka ga tukwane a kan wuta da layin ma'aikata da rana. Inda layi yake nan za ku ci, don abincin da ake rububinsa ba ya kwana.

Kar ka je Legas ka yi ta neman tuwon shinkafa da miyar kuka, yana nan yana jiranka a gida. Ka ci amala, garin busasshiyar doya ne shi ya sa take da duhu, ka ce a haɗa maka da ewedu da gbegiri, kar sunan ya ba ka tsoro ewedu ayoyo ce gbegiri kuma miyar wake ce, har daddawar da suke sawa suna ce mata iru, kalwarmu ce dai ta ɗorawa. Da safe ku nemi ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya yi lugub a zuba masa wani soyayyen yaji baƙi na manja, a ci da burodin Agege mai laushin nan, in ka ci wannan sai la'asar ka ƙara neman wani abu. Akwai shinkafar ofada da ake zubawa a ganye, akwai gasasshiyar ayaba da suke kira boli a ci da gyaɗa ko kifi. Yaji ne dai sai ka yi a hankali ranar farko, ka ce a sa maka kaɗan, cikin da ya sha doguwar hanya ba ya son a ba shi mamaki. Su ata rodo suke cewa mu attaruhu, su tatashe mu tattasai, kuma in ka leƙa Mile 12 za ka ga manyan motocin da suke sauke shi daga wajenmu suke, Hausa za ka ji ana yi kamar kana 'Yankaba.

Nama kuma ka tambaya, ba kunya a ciki. Legas cike take da Musulmi Yarbawa kuma yawancin masu buka sun saba da tambayar, amma akwai wuraren da ake sayar da alade ko a haɗa abinci da giya a teburi ɗaya, in ka ga haka ku tashi salin alin ba tare da yatsina fuska ba, garinsu ne. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka ci kifi. Tsire kuwa ku je Obalende ko Agege da daddare, 'yan uwanmu ne suke yi, ka gaishe su da Hausa ka tambaye su mutanen ina ne za ka ga yadda za su ji daɗi. Ruwa na gora ko na leda mai hatimi kawai. Sannan ka koyi gaisuwarsu ko biyu ce, e kaaro da safe, e se in an yi maka abu, in matar da ke zuba abinci ta girme ka ka ɗan rusuna ka ce mata Mama. Yarbawa suna da girmama babba sosai, yaro yana kwanciya ƙasa ya gaida mahaifinsa, kar ka bari a ce ɗan Kano ne bai iya gaisuwa ba.

Wuraren kallo na san kun riga kun tsara naku daga abin da kuke gani a waya, ban hana ba, amma guda ɗaya nake roƙonka ko abokanka sun ce ba sa so ka ja su ku je. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, tun 1957 aka buɗe shi, a can aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan cunkoso ya tsayar da motar. Ina firamare lokacin, na tuna yadda garin Kano ya yi tsit manya suka kewaye rediyo ba mai magana, kakanka da ban taɓa ganin hawayensa ba ranar na gani. Da na je na tsaya a gaban motar na ga ramukan harsashi a jikinta sai da na nemi wuri na zauna. Shekararsa 37 kacal, kuma kai fuskarsa kawai ka sani a jikin naira ashirin. Ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto. Daga nan da ƙafa ma za ku iya zuwa dandalin Tafawa Balewa, nan ne filin sukuwa na da inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960, in lokacin salla ya yi ga babban masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, ga kuma tsohon masallacin Shitta-Bey a titin Martins wanda aka buɗe tun 1894, kasuwar Balogun kuma tana nan kewaye da ku sai dai waya a aljihun gaba hannu a kanta.

Gadar Third Mainland za ku hau ta ko ba ku shirya ba, kusan kilomita 12 a kan ruwa, ka zauna ta taga ka ga gidajen Makoko da aka kafa a kan ruwa da masunta a kwalekwale. In kun je gandun Lekki mai gadar sama ɗin nan ta igiya, tsawonta mita 401, ku sa takalmi sau ciki kuma kar ku riƙe abinci a hannu birai suna warcewa, wanda ya ce yana tsoron hawa a ƙyale shi kar a yi masa dariya. Wuri biyu a rana ya ishe ku, gosulon Legas ba ya barin na uku, in kun ce sai kun ga komai to a cikin mota za ku yi hutun.

Teku. Abba ka karanta wannan sau biyu. Na san ka iya iyo amma iyon da ka koya a ruwa mai tsayuwa ne, tekun Atilantika ba madatsar ruwan Tiga ba ce, igiya tana zuwa ta dake ka sannan in za ta koma ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai a neme shi a rasa. Ku tsaya a baki ku jiƙa ƙafa ku yi hotunanku, kar wanda ya shiga don a ce shi jarumi ne, kuma in za ku hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay ba rigar kariya ba hawa, ko da mai jirgin ya ce ba komai.

Zirga-zirga ku fi amfani da manyan motocin bas na BRT ko jirgin ƙasan cikin gari da ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, da kati ake biya ku saya tun ranar farko. Danfo kuma, wato ƙananan bas ɗin haya, a tasha ake hawa, kar ku tare a bakin titi musamman da duhu, akwai masu motar da suke cika ta da mutanensu kamar fasinja sai an yi nisa su tsare mutum su kwashe komai, wan cans ake ce musu. In 'yan tasha sun yi muku tsawa kar ku biye, ku wuce. Ku huɗu kuka fita ku huɗu za ku koma masauki, ba a barin mutum a baya wai zai taho daga baya, kuma kowa ya rubuta lambar sauran a takarda ya sa a aljihu saboda caji yana ƙarewa waya tana ɓata.

Salla kar yawo ya cinye ta. A hanya ku yi ƙasaru, in kun yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye to ku cika, kuma lokaci a can yana bayan na Kano da kamar minti ashirin saboda haka ka bi kiran sallar garin. Ka shiga masallacin Yarbawa ka bi su jam'i, ka ga yadda suke cika sahu da Juma'a da fararen kaya.

In kun samu sarari ka je Agege wajen baffanka ko na awa ɗaya ne, zai ji ba daɗi in ya ji ka shigo gari ba ka leƙa ba, Ummanka za ta ba ka kuka da kuɓewa busasshiya da yaji ka kai wa iyalinsa, kar ka tafi da abokanka lokacin cin abinci ba tare da ka sanar da shi ba. Ummanka kuma ta ce ka taho mata da atamfa daga Balogun turmi ɗaya, mai ruwan ganye take so, ka taya rabin abin da aka faɗa maka tukuna. Ka turo min saƙo in kun wuce Lakwaja, sannan ka kira in kun sauka ko ƙarfe nawa ne, ba zan yi barci ba sai na ji muryarka.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ka gaishe min da abokan naka.

Babanka