Godiya ga ma'aikatan biron ANAJJ na Tahoua

Assalamu alaikum. Na ga ya kamata in fito fili in yi godiya ga ma'aikatan hukumar ANAJJ da ke kotun Tahoua, hukumar da aka kafa a 2011 don tallafa wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. Godiyar ta fi zuwa ga wata malama da ke biron, wadda ba zan kama sunanta ba, don na san ba za ta so ba.

Ƙanwata na tsare a wani gidan kaso tana jiran shari'a. Ciwo ya kama ta, ta yi ta roƙon a kai ta likita, kullum amsar ɗaya ce: babu mace mai tsaro da za ta raka ta. Maza kuwa ana fita da su. Da muka ce za mu kai kuka, aka ce sai da takardu, kuma daga nan wahalarmu ta soma.

A wani biro da na fara zuwa, mutumin ya karɓi takardun likitarta ya buɗe, ya shiga karantawa da ƙarfi, benci cike da mutane. Har ɗago kai ya yi ya tambaye ni ko tana da aure. Cikin masu zaman akwai ƴar unguwarmu. Kafin la'asar magana ta isa gidan mijinta. Wanda ya san garinmu ya san abin da wannan ke nufi: mace na fita daga kaso ta gama da hukuma, amma bakin mutane bai gama da ita ba. Ƙanwata ta aiko mini cewa in bar maganar, ta gwammace ciwon da tonon asiri.

Haka na shiga biron ANAJJ, gwiwa a sanyaye. Malamar ta tura ƙofa ta rufe kafin in buɗe jakata. Na miƙa mata dosiye, ba ta taɓa shi ba, sai ta ce: "Yaya, mai takardun nan ta yarda a gani?" Wallahi na rasa amsa, don babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Ta ce sai an ji daga bakinta, kuma aka ji ɗin.

Bayan haka ne ta raba takardun gida biyu. Abin da ke nuna ranar da aka nemi likita da ranar da aka hana, wannan na alƙali ne. Abin da ya shafi haihuwarta da gwaje-gwajen da aka yi mata shekarun baya, ta mayar cikin ambulan ta ba ni, ta ce kukanmu bai dogara da shi ba. Akwai wata takarda mai ɗauke da sunayen wasu mata ƴan kaso da ciwon kowace, ta sa farar takarda ta rufe sunayen kafin a yi fotokofi. Matan nan ba su san ta ba, ba su ma san an yi ba. Ita ce ta gaya mini cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Bangkok a 2010, guda 70, kan matan da ke tsare, kuma ta 8 ta ce sirrin lafiyarsu haƙƙinsu ne. Ko dala ba a karɓa hannuna ba. Yanzu an kai ƙanwata likita, maganar kuma tana gaban alƙali.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, har aka kafa hukumar HAPDP a Yamai don sa ido kan aiki da dokar, amma je ka wasu wuraren ka gani. Dosiye a zube bisa tabur, kowa ya shigo ya leƙa. A shagon fotokofi yaro na buga takardarka yana karantawa, wadda ta lalace ya jefa kwali, washegari ka ga an ƙunshe ƙosai da ita a bakin tasha. Yawancin lauyoyi kuma suna Yamai, sai talaka ya ɗauki asirin gidansa ya damƙa wa duk wanda ya ce ya san hanya, a karɓi jikkunansa, a kuma baza maganarsa a fada.

Malama, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira, ke da abokan aikinki.

Daga wata ƴar'uwarku a Tahoua.